Mai Ba da Hanya a Mararraba

"Jirgi na sha huɗu, dakata a nan. Akwai na fasinja a gabanka."

Hajiya Harira ta faɗa ba tare da ta ɗaga kai daga kwamfuta ba. Ta matsa linzamin kwamfutar, fitilar da ke gaban jirgin kayan ta koma ja, dogon jirgin ya ja birki ya tsaya a bakin Mararraba.

Muryar Dauda ta fito daga lasifika. Mai gyaran waya ne a Hayin Banki, daga cikin shagonsa yake tuƙa jirgin. "Haba Hajiya, tun ɗazu fa nake jira. Simintin nan zai daskare a cikin tarago."

"Ya daskare. Kaya ba ya shiga gaban mutane."

Sauran direbobin da ke kan layin magana suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ranar Asabar ce, an idar da Azahar, tana zaune a falonta na Malali da ɗankwali a ɗaure tamau kamar mai shirin tuƙa tuwon biki. Maigidanta, Malam Sanda, yana kishingiɗe a kan darduma da rediyonsa, yana ɓare gyaɗa. Ta taga ana hango hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Wasa ne, ba wanda ya musa. Babu wannan Mararrabar a ƙasar Allah, babu siminti, babu fasinja. Amma duk wanda ya ce wa Hajiya Harira wasa ne a lokacin da take bakin aiki, zai ji abin da bai shirya ji ba. Shekarun da ta yi tana buga takardu a ma'aikata kafin ta yi ritaya sun bar mata yatsu masu sauri da ƙin aikin shirme, kuma duka biyun ta kawo su nan.

Ta taɓa yi wa Malam bayanin tsarin da rake a hannu, don shi sai da abin ci yake fahimta. Layin dogon, in ji ta, an yanka shi gaɓa-gaɓa kamar raken nan, kuma kowace gaɓa jirgi ɗaya take ɗauka. A bakin kowace gaɓa akwai fitila. Ja, ka tsaya. Ruwan ɗorawa, ka rage gudu, ta gaba ja ce. Kore, ka wuce abinka. Kowane jirgi mutum ne ke tuƙa shi, wani daga Kawo, wani daga Kurmin Mashi, wani ma daga ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta. A miƙaƙƙen layi fitilun da kansu suke canzawa, amma inda layuka suka haɗu sai an sa mutum. Shi ke ganin allon da ke nuna duk jiragen yankin, shi ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan, shi ke cewa wane ya wuce, wane ya jira. Direba ba ya ganin komai sai abin da ke gaban gilashinsa.

"Wato ke ce 'yar sandan kan titi," in ji Malam.

"Ni ce mai ba da hanya."

"To ai shi ne na faɗa."

Mararraba ita ce wurin da kowa ke gudu. Layi uku ne suka haɗu a wurin, sannan duk suka tsuke suka zama ɗaya a kan wata doguwar gada mai kwana a ƙarshenta. Jirgin kai-tsaye, wanda ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi, shi ke da fifiko, sai na fasinja, sai na kaya a ƙarshe. Samari masu digiri sun zauna a kujerar nan sun haɗa cunkoson da sai da aka rufe wasan aka sake buɗewa. Ita kuwa tun da aka ba ta wurin, jirgi bai taɓa gogar jirgi ba, kuma ta san da haka. Aibi ɗaya ta sani a wasan, ta kuma yi ƙorafinsa har ta gaji: in wuta ko intanet ta yanke wa direba, jirginsa yakan ɓace daga allo, in ya dawo kuma sai jirgin ya sake bayyana a daidai inda ya ɓace. Da zarar ya dawo, wasan yakan sake raba wa duk jiragen yankin lambobi, kuma kafin sababbin su fito a allonta, sunayen direbobi kawai take gani.

Sai dai ba son jirgi ne ya kawo ta nan ba. Ita da ko na gaske sau ɗaya ta taɓa hawa, ta kuma yi amai.

Ɗanta na fari ne ya kawo ta. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga gwaggonsa Turai a Kurmin Mashi, kamar yadda ake yi a gidansu, can ya tashi, can ya yi makaranta. Hajiya Harira ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, da kunya. In tana magana da ƙannensa sai ta ce "yayanku", in da Malam ne ta ce "yaron nan", in kuma ta kama dole ta yi masa magana ido da ido, "kai" ta ishe ta. Haka ta tarar, haka mahaifiyarta ta yi da babban wansu har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Shi ma Hajiya yake ce mata, kamar yadda maƙwabta suke cewa, alhali ƙannensa Umma suke kiranta.

Da ya samu aiki a Fatakwal sai abin ya ƙara nisa. In ya bugo waya, gaisuwa ce: ya aiki, ya iyali, Allah Ya yi albarka, ga babanka. Ta miƙa wa Malam wayar, ta koma kicin tana jin haushin kanta. Tana son yaron nan so mai ciwo, bakin ne kawai ya ƙi buɗuwa.

Wata Babbar Sallah ya zo gida, ya zauna a falon nan da kwamfutarsa yana wasan. Ta zo wucewa ta bayansa da farantin nama, ta tsaya, ta dubi allon, ta ce wa iska, "Wancan dogon zai tare wa na bayansa hanya." Ya waiwayo ya kalle ta. Da zai koma ya bar mata kwamfutar.

Tun daga nan suka samu bakin magana. Kowace Asabar yana tuƙi daga Fatakwal, tana ba da hanya daga Malali, kuma lamba ta rufa mata asiri. "Jirgi na biyar, ka samu hanya." "An ji, Mararraba, na gode." Wani lokaci in ta tsayar da shi a ja sai ya ce, "Mararraba, yaya ƙafar?" ta ce, "Da sauƙi. Yaya iyalin naka?" A 'yan watannin nan sun yi maganar da ba su yi ba tun haihuwarsa.

Yau kuwa ranar gwajinsa ce. Yana neman a ɗaga shi zuwa direban jirgin kai-tsaye, kuma ya taɓa faɗuwa. Wancan karon wani jirgi daban aka ce ya tsaya, shi ya ruɗe ya taka birkin gaggawa, ya ɓata wa kowa lokaci. Dokar gwajin a fili take: direba ba ya bin kiran da ba nasa ba, sai an ambaci lambarsa ko sunansa, kuma daga bakin mai ba da hanya. Ƙanwarsa Mairo ta kawo wa Hajiya labarin cewa ya rantse in ya sake faɗuwa ya bar wasan ke nan, ga aiki ga iyali, ba zai yi ta zama ana yi masa dariya ba. In ya bari kuwa, Hajiya ta san inda za su koma: ya aiki, ya iyali, ga babanka.

Mairo ba ta tsaya nan ba, don ita bakinta ba ya da birki. "Umma, kin san me ya ce mini? Wai bai san yadda sunansa yake fita daga bakinki ba. Da dariya ya faɗa, amma ni na san ba dariya ba ce."

"Haka muka tarar," Hajiya ta ce mata, ta ci gaba da tsince shinkafa. Maganar dai ta zauna mata a ƙirji tun ranar.

Jirgin fasinja ya wuce. Ta duba jadawali, ta ga akwai sarari kafin na kai-tsaye ya iso, ta karkata layi.

"Jirgi na sha huɗu, ka samu hanya har ƙetaren gada. Ka taka, kada ka yi mini tafiyar amarya."

"Allah Ya ja da ran Hajiya," in ji Dauda. Jirgin kayan ya motsa, taragu suna bin juna, ya hau gada.

A daidai lokacin iska ta taso a Kaduna ta gaske. Labule ya tashi sama, ƙofar kicin ta bugu, fankar falo ta yi juyi biyu ta tsaya. An ɗauke wuta. Hajiya ko gezau, kwamfutarta a kan batirin sola take, ta yi wannan tanadin tun bara. Amma Dauda da wutar gari yake aiki. Jirgin siminti, da ya sha kwanar ƙarshen gada, ya yi ɗif ya ɓace daga allo.

"Jirgi na sha huɗu?" Shiru. "Jirgi na sha huɗu, kana ji na?"

Ba amsa. Ta jira iyakar abin da doka ta ce a jira, gadar ta nuna babu kowa a kanta. Ruwa ya tsuge a kan kwano kamar da bakin ƙwarya, Malam ya tashi ya rufe taga ya dawo ya ƙara wa rediyonsa murya.

Sai ga muryar da take jira, a nutse, kowace kalma a wurinta.

"Mararraba, jirgi na tara ne, na kai-tsaye. Ina neman hanya."

Ta gyara zama. A gefen allo ga alamar Maijidda, mai shagon magani a Kawo, wadda ita ce mai duba gwajin. Tana gani, tana ji, amma ba ta da izinin sa baki har a gama.

"Jirgi na tara, ka samu hanya har ƙetaren gada."

"An ji, Mararraba."

Ta kunna masa kore. Jirgin ya shigo Mararraba da gudun da aka ƙayyade, bai ƙara ba bai rage ba, ya bi kwanar layin sumul. Hajiya ta ji wani daɗi ya cika ta. Wannan tuƙin ko a gaban wa za a nuna shi. Ya wuce fitilar ƙarshe, wadda daga ita babu wata sai an ƙetare, ya hau gada.

"Assalamu alaikum jama'a, na dawo!" Muryar Dauda ce, da ƙarar janareta a bayansa. "Wallahi sai da na ja igiyar nan har hannuna ya..."

Ta kai ido kan gadar. Ga jirgin siminti nan ya bayyana, tsaye cik a bayan kwanar gada, inda mai tahowa ba zai gan shi ba sai ya zo kansa. Allon ya yi ƙyafta, duk lambobin suka goge, sunaye suka maye gurbinsu.

"Jirgi na tara, tsaya! Tsaya!"

Wani jirgi can a layin kudu ya ja birki. "Na tsaya, Hajiya, me na yi?" Lawan ne, direban fasinja. Shi aka ba lamba tara yanzu.

Wanda take nufi kuwa yana ta gudunsa. Tabbas ya ji ta, tabbas kuma ya dubi gabansa ya ga sabuwar lamba, ya ce ba da shi ake ba. Darasin wancan karon ya zauna masa daram.

"Kai! Kai, tsaya mana!"

Duk jiragen da ke yankin suka tsaya. Direbobi suka ruɗe da "Na'am, Hajiya?" da "Ni ne?", kowa ya tsargu, ban da mutum ɗaya. Ɗigon jirginsa yana cin gadar, tazarar da ke tsakaninsa da taragun siminti tana tsukewa a idonta.

Malam Sanda ya yar da gyaɗa ya taso. "Kawo in kira miki shi."

"Ba zai bi muryarka ba, Malam. Tawa kaɗai doka ta sani."

"To ki kira shi mana, Harira!"

Sunan yana nan a rubuce a kan allo, a saman ɗigon da ke gudu. Ita ta san shi kafin kowa, tana ɗaki ranar suna lokacin da aka raɗa shi, kuma ba ta taɓa yin sujada ba tare da ta ambace shi a zuci ba. Amma tsakanin zuci da harshe akwai mahaifiyarta, da kakarta, da duk matan gidansu. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta gaske, irin ta amarya a gaban surukai. Ta danne maɓallin magana da ƙarfi har yatsanta ya yi fari.

"Sama'ila!" Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Ta sake, wannan karon da muryar da take tsayar da jiragen kaya. "Sama'ila, taka birki! Akwai jirgi a gabanka!"

Ƙarar birki ta cika falon. Ɗigon ya rage gudu, ya shiga kwanar yana jan ƙafa, ya matso, ya ƙara matsowa, ya tsaya. Tsakaninsa da taragon ƙarshe bai kai faɗin yatsanta a kan allo ba.

Layin magana ya yi tsit. Yawancin direbobin 'yan gida ne, sun san ko wace ce Hajiya, sun san ko wane ne direban, sun kuma san abin da suka ji. Ko Dauda, da ba ya iya shiru, ya iya yau. Ba a jin komai sai ruwa a kan kwano.

"Na'am, Umma."

A hankali ya faɗa. Sai kuma ya yi gyaran murya, ya koma bakin aiki. "Na tsaya, Mararraba. Na tsaya."

Ta saki maɓallin. Ta ɗauki kofin ruwan da ke gefe ta tarar babu komai a ciki, ta dai kai shi baki. Da ta ajiye, ta koma Hajiya Harira ta Mararraba.

"Dauda, ka kwashe mini simintinka daga kan gada. Kuma daga yau in hadari ya haɗo, ka tayar da janaretanka tun kafin ka nemi hanya a wurina."

"An gama, Hajiya. A yi haƙuri, Hajiya."

Maijidda ta buɗe makirufonta a karon farko. "Ba zan ce komai a kan sakamako ba sai ya isa tasha," ta ce, muryarta da alamar murmushi. "Amma tsayuwar nan a kan doka take. An kira shi, ya tsaya. Ba a kira shi ba, bai tsaya ba. A ci gaba."

Jirgin siminti ya ja jiki ya bar gada. Allon ya sake ƙyaftawa, sababbin lambobi suka fito, kowane jirgi da tasa. Malam Sanda ya koma kan dardumarsa yana tsince gyaɗar da ya watsar, yana wani murmushi da ita ta san ba na alheri ba ne. Shekara da shekaru suna tare, shi ma bai taɓa jin nasa sunan a bakinta ba.

"To," ya ce, "saura ni."

"Malam, ka hau jirgi tukuna."

Ya yi dariya har da tari. Ita kuwa idonta na kan allo, don lasifika ta sake motsi.

"Mararraba, jirgi na ashirin da biyu ne. Ina neman hanya."

Ta gane abin da ya yi. Lambar ya miƙo mata da hannu biyu, don ta samu wurin fakewa, a koma yadda aka saba, kowa ya yi kamar bai ji komai ba. Yaron kirki ne, Turai ta iya tarbiyya. Lambar tana nan ɓaro-ɓaro a saman jirginsa, ba abin da zai hana ta karantawa. Ta karkata layi, ta duba gadar tun daga wannan baki har wancan, ta kunna kore.

"Sama'ila, hanya taka ce har tasha."

Jirgin bai motsa nan take ba.

"An ji," ya ce. Sai kuma, a gaban duk direbobin, "Umma, in na sauka zan bugo waya."

"Ka bugo."

"Ba Baba nake nema ba fa."

"Na ji. Tafi, kana ɓata lokaci a kore."

Jirgin ya tashi, ya ƙetare gada, ya miƙe. Ta bi ɗigon da ido har ya fita daga yankinta. Can a layin kudu Lawan yana ta tambaya ko an manta da shi ne, ta ce ya dakata. Ta miƙa hannu ta ɗauko wayar daga gefen dardumar Malam, inda aka saba ajiye ta, ta duba cajinta, ta ajiye ta kusa da linzami.